Tarihin Kalkuleta: Yadda Batir da Allo Suka Zame Mata Ciwon Tsufa

Masu gyaran tsofaffin kalkuleta na shekarun 1970 cuta biyu suka fi fama da su: farin gari da ke daskarewa a gidan batir, da lambobin allo da ke fitowa gutsi-gutsi, takwas ta koma shida, bakwai ta koma ɗaya. Ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kuwa sau da yawa tana nan garau. Duka cututtukan biyu sun samo asali ne daga tseren da kamfanonin Ingila da Amurka da Japan suka yi don mayar da injin lissafi abin jefawa a aljihu.

A 1961 kamfanin Bell Punch na Ingila ya fito da ANITA, injin lissafi na kan tebur na farko da ke aiki da lantarki zalla, babu haƙoran ƙarfe masu juyawa. A 1964 kamfanin Japan da a yau ake kira Sharp ya fito da CS-10A mai transisto, nauyinta kilo 25, kuɗinta yen 535,000. Waɗannan a bango ake jona su, babu ruwansu da batir. Sai a 1967 Jack Kilby da abokan aikinsa a Texas Instruments suka ƙera samfurin Cal-Tech da ake riƙewa a hannu, wadda ke buga amsa a kan siririyar takarda. Daga nan tsere ya kankama. A 1971 Busicom ta fito da LE-120A mai shiga aljihu. A farkon 1972 Hewlett-Packard ta kawo HP-35 a kan dala 395, a shekarar kuma Casio Mini ta karya kasuwa da yen 12,800.

Da aka rabu da bango, sai matsalar wuta ta taso. Jajayen lambobin LED irin na HP-35 cin wuta gare su, don haka aka ƙanƙanta su ƙwarai, aka ɗora wa kowace lamba kumburarren gilashi mai ƙara girma. Duk da haka batir ba ya wuce 'yan sa'o'i, shi ya sa aka koma ga batura masu caji na nikel da kadmiyam, waɗanda Waldemar Jungner ɗan Suwidin ya ƙirƙiro tun 1899. Wasu kamfanoni ma sai suka liƙa su a cikin injin da dalma, dab da allon wayoyi. Kamfanonin Japan da yawa kuma suka zaɓi lambobi masu koren haske, waɗanda kamfanin Ise Electronics ya ƙirƙiro a 1967. Wannan kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, da siririyar waya da ake ɗumamawa, tana kuma buƙatar ƙarfin lantarki fiye da na batir, sai an haɗa mata 'yar taransifoma da kafasito. Idan irin wannan allo ya dusashe yau, waɗannan kayan ake fara dubawa kafin a zargi kwalbar.

Sauƙi ya zo da allon LCD, wanda ba ya samar da haske, sai dai ya tare hasken da ke waje. A 1973 Sharp EL-805 ta yi aikin sa'a 100 da batir ƙwaya ɗaya. Amma sabon allon ya zo da nasa rauni. Hanyoyin lantarkinsa shafi ne siriri a jikin gilashi, dalma ba ta kama shi. Dole aka nemo dabarar haɗa shi da allon wayoyi: ko dai wata 'yar roba mai zane-zanen baƙi da fari da ake matsewa tsakaninsu, ko faffaɗan kirtani da ake liƙawa da gam da zafi. Bayan shekaru robar takan saki, gam ɗin ya bushe, datti ya shiga tsakani, sai wani sashen lamba ya ɓace. Ga kuma wata illa: batirin da ke yin shekaru bai mutu ba, shi ake mantawa da shi a ciki.

Batirin alkalin da Lewis Urry ya inganta wa kamfanin Eveready a ƙarshen shekarun 1950, da na nikel da kadmiyam, duka ruwan cikinsu ɗaya ne, wato fotasiyam haidiroksaid, mai kaifi da cin ƙarfe. Idan batir ya ƙare aka bar shi, iska takan taru a cikinsa ta fasa marfin, ruwan ya tsiyayo, ya haɗu da iskar waje ya zama farin gari. Inda ya taɓa jan ƙarfe sai wurin ya koma shuɗi-shuɗi ko kore. Ba ya tsayawa inda ido ke gani: yakan bi cikin waya ta ƙarƙashin robarta har ya kai ƙafafun ƙwaƙwalwa da mahaɗin allo. Shi ya sa sau da yawa ciwon allo daga gidan batir yake farawa.

Wanda ya san wannan tarihi ya san hanyar gyara. Zai sa safar hannu, ya cire baturan ya kai su inda yara ba za su taɓa ba, domin kadmiyam guba ne. Zai jiƙa auduga da ruwan khal ko na lemun tsami ya ɗiɗɗiga a kan farin garin. Yana taɓawa za a ga kumfa na tashi. Kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya, haka tsami ke karya kaifin wannan ruwa. Sannan a goge da tsohon buroshin haƙori, a wanke da sifirit mai ƙarfi, a bari ya bushe sarai. Wayar da ta yi kore a yanke ta a sa sabuwa, layin jan ƙarfen da ya cinye a tsallake shi da siririyar waya. Robar allo a zare ta a hankali, a goge bakinta biyu da sifirit, a mayar a matse daidai. Liƙaƙƙen kirtani kuwa a bi shi da ɗan zafi kaɗan ana dannawa. Amma idan baƙin tabo ya malale a cikin gilashin, allon ya mutu, sai dai a ciro na wata irinta. Akwai kuma gargaɗin da masu tara injinan Hewlett-Packard suka sani: kada a jona HP-25 ta 1975 a caja alhali batirinta ya lalace, domin batirin ne ke rage ƙarfin wutar, idan babu shi ƙwaƙwalwar na iya ƙonewa.

Tun da TI-30 ta Texas Instruments ta fito a 1976 a kan kusan dala 25, mutane suka fara ganin gara a sayi sabuwa da a kai gyara, dubbai suka tafi bola. Waɗanda suka saura yanzu su ne shaidar zamanin da ya haifar da ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin don kalkuletar Busicom aka ƙera ƙwaƙwalwar Intel 4004 a 1971. An daina yin ƙwaƙwalensu da allunansu, kowace ta lalace sai an yanka wata kafin a tashe ta. Duk mai irin wannan inji a akwati ko durowa, babban gatan da zai yi mata shi ne ya cire batirin kafin ya ajiye, ya kuma nisanta ta da zafin rana da laima.