Asalin Dokar Tsare Sirrin Mutane: Daga Daftarin Amstadam Zuwa Abuja

Duk wanda ya duba dokokin da ƙasashe suka kafa a wannan zamani domin tsare bayanan mutane, wato sunansu da mazauninsu da addininsu da lafiyarsu da abin da suka mallaka, zai tarar mafi yawansu daga Turai suka samo tushe, kuma abin da ya tilasta wa Turawa kafa su wata musiba ce da ta auka musu a tsakiyar ƙarni na 20, wadda ta nuna musu cewa daftarin da hukuma mai adalci ta rubuta yau da kyakkyawar niyya yana iya faɗawa hannun azzalumi gobe. Haƙiƙa haramcin tajassusi da wajibcin neman izini kafin shiga gidan wani tsofaffin hukunce-hukunce ne da Suratul Hujurat da Suratun Nur suka zo da su, a Amurka ma lauyoyi biyu, Samuel Warren da Louis Brandeis, sun yi rubutu a 1890 a kan haƙƙin mutum na a ƙyale shi ya sarara, sa'ad da 'yan jarida da masu ɗaukar hoto suka addabi jama'a. Amma duk waɗannan a kan mai leƙe suke magana. Mas'alar da ta haifi dokokin yau ita ce ta bayanin da mutum ya miƙa da hannunsa bisa amana.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu da wuya a sami ƙasar da ta kai Holan tsara daftarin jama'a, domin kowane mutum yana da katinsa a ofishin gari, an rubuta ranar haihuwarsa da gidansa da addininsa, ba don cutar da kowa ba, sai don a san yadda za a tafiyar da haraji da taimakon mabukata. Da sojojin Hitila suka mamaye ƙasar a 1940, sai suka tarar an riga an share musu hanya. A farkon 1941 suka umarci Yahudawa su yi rajista, aka buga harafin J a katin shaidarsu, katin da wani ma'aikacin gwamnati mai suna Jacob Lentz ya tsara da gwanintar da ta sa yin na jabu ya yi matuƙar wuya. Daga Yahudawa kimanin 140,000 da ke ƙasar, an hallaka fiye da 100,000, wato wajen kashi uku cikin huɗu, abin da bai faru a Faransa ko Beljiyam ba. Dalilan suna da yawa, amma malaman tarihi da yawa suna ganin cewa daftarin yana cikinsu.

Mutanen Amstadam, babban birnin ƙasar, sun gane haka tun a lokacin. A daren 27 ga Maris 1943 wata jama'a, cikinsu da mai sassaƙa Gerrit van der Veen da mai zane Willem Arondéus, suka sa kayan 'yan sanda, suka shiga ofishin daftarin, suka yi wa masu gadi allurar barci suka fitar da su waje don kada a rasa rai, sa'an nan suka zazzage akwatunan katuna a ƙasa suka cinna musu wuta. Kati cunkushe ba ya cin wuta da sauƙi, saboda haka kaɗan ne ya ƙone, kuma ba a jima ba aka kama yawancinsu, aka harbe mutum 12 a ranar 1 ga Yuli. Abin tausayi ne ƙwarai a ce sai da mutanen kirki suka ba da rayukansu domin su ƙona takardun da gwamnatinsu ta tara.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshin hukuma, waɗanda suka ga wancan zamani suka tsorata, domin abin da dā sai magatakarda ɗari sun yi wata suna tonowa, yanzu na'ura tana fitar da shi cikin ƙiftawar ido. Jihar Hesse ta Jamus ta Yamma ce ta fara kafa doka a 1970, Suwidin ta bi a 1973, tarayyar Jamus a 1977.

Amma hukuncin da ya zama ginshiƙi ya zo ne a 1983, sa'ad da gwamnatin Jamus ta Yamma ta ƙuduri yin ƙidaya, da sharaɗin za a kwatanta amsoshin mutane da daftarin ofisoshin gari. Jama'a suka yi tsaye suka ƙi, wasu suka kai ƙara, Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe ta dakatar da ƙidayar, kana a ranar 15 ga Disamba ta yanke cewa mutum shi ke da ikon zaɓar wanda zai san al'amarinsa da abin da za a yi da shi. Hujjar alƙalan ita ce ta fi ƙayatar da ni: sun lura cewa wanda bai san abin da aka rubuta a kansa ba zai riƙa jin tsoron halartar taro ko shiga ƙungiya, ta haka kuwa cutar ta wuce shi ta shafi al'umma duka, suka kuma ce a zamanin na'ura babu wani bayani da za a kira ƙarami. Ba a yi ƙidayar ba sai 1987, bisa sabuwar doka. Bayan 'yan shekaru, da katangar Balin ta faɗi, aka buɗe taskar 'yan leƙen asirin Jamus ta Gabas, wato Stasi, aka tarar da takardun da in an jera su za su kai kilomita 111, wasu suka karanta nasu suka ga maƙwabci ko aboki ne ke kai rahotonsu.

Daga nan ƙa'idar ta bazu: kada a karɓi bayani sai da dalili sananne, kada a karɓi fiye da bukata, kada a juya shi zuwa wata manufa. Tarayyar Turai ta yi umarni a 1995, ta maye gurbinsa da dokar GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, wadda a ƙarƙashinta aka ci kamfanin Meta tarar Yuro biliyan 1.2 a 2023.

A wajenmu, Ghana ta yi tata doka a 2012, Nijar a 2017. Nijeriya kuwa, ko da yake sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, sai a 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idoji, sa'an nan a Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar doka mai bin sawun ta Turai, wadda ta kafa hukuma ta musamman a Abuja. Ta zo ne bayan an wajabta haɗa lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da layin waya, bayan kuma wasu masu ba da bashi ta waya sun kwashe lambobin da ke wayar mutum suna aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cewa shi macuci ne, saboda bashin da bai taka kara ya karya ba. Dokar ta ba wanda aka yi wa haka ikon kai ƙara ga hukumar, kuma babban kamfanin da aka samu da laifi yana iya biyan Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.