Abin da ya raya tsohuwar a-kori-kura

1/ Matasa, ku matso. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna. Har yau ina ganin a-kori-kurar 404 da 504 suna jigilar buhuna ranar kasuwa.

2/ A ganina juye ne ya raya su. Tun 1923 aka ƙirƙiro filtar mai ta Purolator a Amurka, don ta tare datti da ɓurɓushin ƙarfe kafin su cinye injin.

3/ Tsofaffin direbobi ba sa wasa da wannan. Injin na da ɗumi ake kwance noti, baƙin mai ya tsiyaye tas, a shafa wa robar sabuwar filta mai, a ɗaure da hannu.

4/ Yanzu fa? Ciko kawai wasu ke yi, filta ta shekara ba a taɓa ta ba. Ƙurar hunturu na shiga, sai hayaƙi, sai sauke inji.