Fitilar LED Ta Renon Tsirrai: Yadda Take Aiki Da Yadda Ake Haɗa Ta A Gida

Fitilar renon tsirrai fitila ce da ake kunna wa shuka a wurin da rana ba ta isa, kamar cikin ɗaki ko gidan bene da ba shi da tsakar gida. Nau'in LED ne ya fi karɓuwa a yau, domin ba ya cin wuta sosai kuma zafinsa kaɗan ne. Ana iya haɗa ta da kayan da ake samu a kasuwannin kayan lantarki, irin su Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano. Nasarar aikin ta dogara ne da abubuwa huɗu: launin hasken, ƙarfinsa, tsawon lokacin da yake kunne, da yadda ake fitar da zafi.

Asalin fasahar

A shekarar 1962 ne injiniya Nick Holonyak na ƙasar Amurka ya ƙera LED mai jan haske. Samar da mai shuɗin haske ya ɗauki kusan shekara 30 bayan haka, kuma wannan aiki ne ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks a 2014. Da shuɗin ne aka samu damar yin farar LED da ke gidaje a yanzu. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi amfani da fitilun LED wajen shuka latas a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda 'yan sama jannati suka ci daga abin da suka noma a watan Agustan 2015.

Launin da tsiro ke buƙata

Tsiro na haɗa abincinsa ne da haske da ruwa da iskar kabon. Hasken da yake amfani da shi yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700 a ma'aunin zangon haske. Sinadarin kulorofil, wato koren da ke cikin ganye, ya fi zuƙar shuɗi a wajajen nanomita 450 da ja a wajajen 660. Shuɗin na hana tsiro miƙewa siriri, yana sa shi ƙwari. Jan kuwa shi ne kan gaba wajen girma, yana kuma taka rawa wajen yin fure.

Wannan ne dalilin da ya sa fitilun reno da dama ke ba da haske mai launin shunayya, saboda an gauraya ja da shuɗi. Sai dai farar LED ma tana aiki, kuma ta fi sauƙin samu. Wadda aka rubuta wa 6500K ta dace da renon dashe da ganyayyaki, mai 3000K kuma ta fi yawan ja. Wata fa'idar farin haske ita ce yana ba da damar ganin ainihin launin ganye, a gane cuta ko ƙwari da wuri.

Kayan haɗi

Hanya mafi sauƙi ita ce amfani da LED mai bolt 12 da ake sayarwa a naɗe kamar tef. Ana buƙatar falle ko sandunan alminiyum da za a manna shi a kai, adafta mai mayar da wutar gida zuwa bolt 12, waya mai kauri, fiyus, da na'urar saita lokacin kunnawa da kashewa. Kanta mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 tana buƙatar kimanin wat 30 zuwa 40 idan ganyayyaki za a shuka.

Matakan haɗawa

Da farko a yi lissafin wuta. Idan aka raba wat 40 da bolt 12, za a samu amfiya 3.3. Saboda haka a nemi adafta mai amfiya 5, domin wadda ake ɗora wa iyakar ƙarfinta tana ɗaukar zafi, ta mutu da wuri.

Sai a yanka tef ɗin daidai kan alamar da kamfani ya sa, galibi bayan kowane ƙwai uku. A goge alminiyum ɗin, a manna layukan da ɗan tazara a tsakaninsu, sannan a liƙa wayoyin da dalma, mai alamar tarawa da mai alamar tarawa, mai alamar ɗebewa da irinta. Ya fi kyau kowane layi ya samu wutarsa kai tsaye daga adafta, domin dogon jeri na sa ƙarshensa ya dusashe. A rufe kowace mahaɗa da salatif ɗin wuta. Alminiyum ɗin shi ke janye zafi. Idan aka manna tef ɗin a kan katako ko roba, haskensa zai ragu kafin lokacinsa.

Tazara da lokaci

Ana rataye irin wannan fitila santimita 15 zuwa 30 daga saman ganye, a riƙa ɗaga ta yayin da tsiron ke girma. Tsiron kansa yana nuna halin da yake ciki: idan ya miƙe siriri ya koɗe, hasken ya yi kaɗan, idan gefen ganyen ya bushe ya nannaɗe, fitilar ta yi kusa. Farin fenti a bangon kantar na mayar wa tsiron hasken da zai tafi a banza.

Latas da alayyafo da dashen tumatir ko tattasai suna buƙatar awa 14 zuwa 16 na haske a kullum, sauran awannin kuma a bar su cikin duhu.

Lissafin wuta da kiyaye haɗari

Fitila mai wat 40 da ke kunne awa 16 tana cin kusan kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya a rana, wato kimanin yunit 19 a wata. Inda ake yawan ɗauke wuta, dole a tanadi batir. Batirin ruwa mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da yunit 1.2, amma rabi kawai ya kamata a zuƙe don kada ya lalace, kuma wannan da ƙyar zai riƙe fitilar yini guda. Idan ana cajinsa da sola, wutarsa kan haura bolt 14, don haka a sa na'urar daidaita wuta tsakaninsa da fitilar.

Ɓangaren bolt 12 ba shi da haɗari sosai ga jiki, amma adafta tana haɗe da wutar gida mai bolt 230, wadda ke iya kisa. A ɗaure ta a sama, nesa da inda ake ban ruwa, a cire soket kafin a taɓa waya, kuma a bar wa ƙwararren mai gyaran wuta duk aikin da ya shafi wutar gida. A guji ƙura wa fitilar ido, musamman yara.

Inda take da amfani

A Najeriya, inda rana ke wadace, hasken tsakar rana ya ninka na wannan fitila sau da yawa, kuma kyauta ne. Duk wanda ke da fili ko baranda da rana ke shiga ba ya buƙatarta. Tumatir da barkono da ake son su yi 'ya'ya a cikin ɗaki suna neman hasken da ya kai kusan ninki biyu na latas, kuma kuɗin wutar kan zarce darajar amfanin. Fitilar ta fi biyan kuɗinta wajen renon dashe na makonnin farko, shuka ganyen miya a gidajen da ba su da fili, da gwaje-gwajen kimiyya a makarantu.