Bompai, Sharaɗa da Challawa: Yadda Injinan Kano Suka Yi Shiru

A shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo Kano ya tarar da birnin da ke rayuwa da saƙa da rini da jima. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Timbuktu da Ghat, har Tarabulus. A lokacin babu jirgin ƙasa, babu lantarki, sai raƙuma da jakuna da amanar fatake. Duk mai son sanin dalilin da ya sa wasu ƙasashe suka yi arziki wasu suka tsaya, ya kamata ya riƙe wannan a ransa kafin ya shiga Bompai ya ga manyan ƙofofin ƙarfe a garƙame.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya daga hamada zuwa Legas. Gyaɗa ta zama sarauniya, su Alhassan Ɗantata suka yi suna, dalar gyaɗa ta tashi. Daga ribar wannan ciniki ne masana'antun zamani suka fara tsirowa a Bompai wajajen shekarun 1950: matsar man gyaɗa, sabulu, alewa, turare, kwanuka, yawancinsu a hannun Kwarori da Turawa. Bayan an ƙirƙiro jihar Kano a 1967, zamanin Audu Bako da shekarun kuɗin fetur suka buɗe Sharaɗa, daga baya Challawa ta cika da majemu a kusa da kogi. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran gari cikin harkar. Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Nababa Badamasi ya kafa masaƙar Gaskiya. Kano ta zama ta biyu bayan Legas a yawan masana'antu.

Masanin tattalin arziki Arthur Lewis, wanda ya ci kyautar Nobel a 1979, ya ce ƙasa tana tashi ne idan masana'antu suka kwashe rarar ma'aikatan karkara, masu jari kuma suka riƙa mayar da riba cikin sababbin injina. Rabin farko na maganarsa ya tabbata a Kano. 'Yan ci-rani da tsofaffin almajirai suka zama leburorin kamfani, ana busa jiniya suna tururuwa a kan kekuna, masu abinci na kasa kwano a bakin ƙofa. Rabi na biyu ne ya samu tangarɗa.

Masana'antun an gina su ne a kan ra'ayin da Raul Prebisch na Ajantina ya yaɗa: ƙasa ta toshe ƙofa da kuɗin fito mai tsada, ta ƙera a gida abin da take sayowa waje. Amma injin daga waje yake, kayan gyaransa daga waje, sinadarin rini daga waje. Muddin fetur na tsada, naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja, ba wanda ya ji nauyin wannan. Wannan ƙarfin nairar kuma shi ya sa kayan Kano suka yi wa kasuwannin duniya tsada, noman gyaɗa da auduga ya ja baya, abin da masana ke kira cutar Holan. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa dalar gyaɗa. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta tsuke bakin aljihu a 1982, lasin shigo da kaya ya koma abin nema a wurin 'yan siyasa. A 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, naira ta karye, mai masaƙa ya wayi gari kuɗin da ke sayo masa injin ba ya sayen kayan gyara. Malaman jami'ar Zariya irin su Yusufu Bala Usman sun yi ta gargaɗi a kan wannan hanya.

Sauran labarin kowa a Kano ya san shi. An ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, atamfar fasa-ƙwauri ta riƙa sauka Kwatano ta biyo ta Maraɗi ta cika Kantin Kwari. Wutar NEPA ta zama sai an gani, baƙin man tukunyar masaƙa ya yi wuya saboda matatar Kaduna ba ta aiki yadda ya kamata. Gine-ginen kamfanoni da yawa suka koma sito na ajiye kayan da suka kashe su.

Wasu masana, irin su Jeffrey Sachs, suna ɗora nauyi a kan nisa da teku, kuma gaskiya ne kwantena sai ta ci wajen kilomita 1,000 daga Legas kafin ta iso. Sai dai da jirgin ƙasa na aiki, nisan bai hana gyaɗa isa Liverpool ba. Mabiya masanin tarihi Walter Rodney suna cewa mulkin mallaka ne ya tsara mu mu sayar da ɗanye mu sayo ƙerarre, kuma layin dogon kansa shaida ne. Amma Koriya ta Kudu ma an mallake ta, ta sha yaƙi, ba ta da fetur. Bambancin shi ne gwamnatin Park Chung-hee ta ba kamfanoni kariya da rance bisa sharaɗi: wanda bai sayar a waje ba, a janye masa tallafi. Nijeriya ta ba da kariya ba sharaɗi, sannan ta janye ta ba tare da ta ba da wuta ba. A nan ne bayanin Acemoglu da Robinson, waɗanda suka ci Nobel a 2024 tare da Simon Johnson, ya fi kama Kano: ingancin hukumomi, daga kwastan zuwa kotu, shi ke sa mai kuɗi ya zaɓi kafa injin ko ya zaɓi shigo da kwantena. Attajirin Kano bai rasa basira ba, lissafi ya yi.

Majemun Challawa da Sharaɗa sun fi masaƙu jurewa, domin fata ta gida ce, masu saye kuma suna Italiya da Sifaniya, suna biya da kuɗin waje. Kamfanonin roba da na casar shinkafa su ma suna aiki. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, an kuma ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano tun 2020. Abin da masu masana'antu ke buƙata daga gwamnati shi ne gas ɗin ya iso Challawa, jirgin kaya ya riƙa zuwa a kan lokaci, dokar shigo da kaya kuma ta daina sauyawa duk lokacin da aka sauya minista.