Kaset Mai Wutsiya: Tarihin Jona Kiɗanmu Da Rediyon Mota

Mota tsawon rai gare ta, abin sauraren kiɗa kuwa ba ya daɗewa ana yayinsa. Golf ɗin da aka ƙera a 1995 har gobe tana jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya, alhali a tsawon rayuwarta duniya ta bar kaset ta kama faifan CD, ta bar shi ta kama MP3, daga ƙarshe ta tare a wayar salula. A wannan tazara da ke tsakanin tsohuwar mota da sabuwar na'ura aka haifi adafta, 'yar ƙaramar abar da ke kai sautin na'urar aljihu zuwa lasifikar mota. Ba a cika kula da ita ba saboda araharta, amma mu da muke hawan motocin hannu mun ci moriyarta fiye da kowa.

Sai mun koma 1930 za mu ga mafarin lamarin. A shekarar ne kamfanin Paul Galvin da ke Chicago ta Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola. Kuɗinsa ya haura dala 100, a zamanin da 'yan ɗaruruwan daloli ke sayen sabuwar mota, kuma ɗaura shi babban aiki ne: a kwance gaban mota, a farke rufi don a shimfiɗa eriya, a nemi wurin ajiye batira. Duk da wannan wahala, direba ba shi da ta cewa. Abin da gidan rediyo ya ga dama shi zai ji. A 1956 kamfanin Chrysler ya gwada sa garmaho a ƙarƙashin dashbod, amma fayafayan na musamman ne, ba irin na gida ba, ga yawan lalacewa, cikin 'yan shekaru aka yi watsi da shi. Sai 1965 da Ford ya fara sa na'urar kaset mai layi takwas ta Bill Lear a motocinsa, sannan zaɓen waƙa da kai a kan hanya ya yaɗu tsakanin Amurkawa.

Wanda ya ci kasuwar daga baya shi ne ƙaramin kaset ɗin da muka sani, wanda kamfanin Philips ya nuna wa duniya a Berlin a 1963, aikin injiniya Lou Ottens da abokan aikinsa. Philips ya bar sauran kamfanoni su ƙera shi ba tare da biyan kuɗin fasaha ba, shi ya sa ya bazu ko'ina. Tun a wancan sauyi aka fara ganin adafta: wani akwati da ake tura wa tsohuwar na'ura mai layi takwas a baki, a sa ƙaramin kaset a cikinsa.

Wannan shi ne zamanin da ya fi zama a ranmu. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, Fijo 504 ta mamaye tituna, rikodar mota ta zama abin tinƙaho a tasha. Direba yana da akwatin kaset a gefensa: Mamman Shata idan hanya ta miƙe, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Musa Ɗanƙwairo, karatun Husari da asuba, tafsirin Shehu Abubakar Gumi idan azumi ya kama. Wanda ya hau motar haya a lokacin ya san yadda rikoda ke cinye zare ana tsakiyar waƙa, yaron mota ya zaro shi a hankali, ya zura biro a ramin kaset yana juyawa har ya naɗe. Kaset ɗin da aka manta a kan dashbod rana ta lanƙwasa shi, ƙurar hunturu ta dushe murya. Amma kaset yana da wata falala da ta sa muka yafe masa duk wannan: kowa na iya naɗar abin da yake so a kai, daga wa'azin masallacin unguwa har kiɗan biki.

A can ƙasashen da ake ƙera kayan kuwa, abubuwa sun ci gaba da gudu. Sony ya fito da Walkman a 1979, faifan CD ya shigo a 1982, na aljihunsa, wato Discman, ya biyo baya a 1984. Rediyon mota mai cin CD ya fito a wannan tsakanin, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin mutane. Miliyoyin motoci na da rikodar kaset lafiyayya, masu su kuma sun koma sayen faifai. Wani injiniya Ba'amurke, Larry Schotz, shi ya warware matsalar, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1988, kamfanin Recoton ya kai ta kasuwa.

Dabararsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin a ganinmu babu adaftar da ta kai ta hikima har yau. A ido kaset ne sak, sai wata siririyar waya da ta fito daga gefensa kamar wutsiya. Idan ka kwance shi ba za ka ga zare ko kaɗan ba. A daidai inda zare ya kamata ya wuce an dasa wani ɗan kai na maganaɗisu, irin wanda ke cikin rikoda. Sautin da ya biyo waya daga na'urar aljihu yana shiga wannan kai ya zama maganaɗisu, kan rikodar mota kuma, da ke manne da shi, ya karanta shi tamkar zare ne ke wucewa. Sauran abin da ke ciki 'yan ƙananan giyoyi ne na roba da ke haɗa ramukan biyu, domin idan ɗaya ya juya ɗayan ma ya juya, kada rikoda ta ɗauka kaset ya ƙare ta tsaya ko ta juya gefe. Ba batir, ba yankan waya, ba zuwa wurin mai gyara. Abin da yake buƙata kawai a goge kan rikoda da auduga da sifirit, a ɗaga muryar na'urar aljihu sama da rabi, sauran a daidaita a rediyon mota. Idan aka ga rikoda na ta juya gefe ba ƙaƙƙautawa, yawanci giyoyin nan ne suka fara santsi.

An ƙirƙiro shi ne don Discman, wanda ke tsalle da zarar taya ta faɗa rami. Amma da tsarin MP3 ya fito daga cibiyar Fraunhofer ta Jamus a farkon shekarun 1990, aka fara sayar da na'urorinsa na aljihu a 1998, sannan Apple ya fito da iPod a Oktoban 2001 mai ɗaukar waƙa dubu, sai ga kaset mai wutsiya ya dace da su duka ba tare da an sauya masa komai ba.

Wahalar ta faɗa ne a kan motocin da suka zo tsakiya, waɗanda aka cire musu kaset aka sa CD, ba a kuma ba su ramin jona waya ba. Su aka yi wa ƙaramin gidan rediyo na cikin mota, wanda ke watsa waƙar a zangon FM zuwa 'yan taku kaɗan, rediyon mota ya kama. Na kamfanin Griffin mai suna iTrip ya yi tashe daga 2003, kuma a Ingila sai a Disambar 2006 doka ta halatta amfani da irinsa, don kafin nan ana lissafa shi cikin watsa shiri ba lasisi. Masu son sauti tsantsa kuwa sai suka bi ta bayan rediyo. Yawancin rediyoyin lokacin suna da wata kafa a baya da aka tanada don akwatin faifai shida na cikin but. Sai a cire kan batir, a zaro rediyon da 'yan ƙarafansa na musamman, a jona wani ɗan akwati da rediyon zai ɗauka na faifai ne, a bi da waya ta bayan dashbod zuwa aljihun gaba. Wanda bai tanadi lambar sirrin rediyonsa ba kafin ya cire batir, a wasu motocin irin su Honda, sai ya mayar ya tarar rediyo ya kulle. A 2004 BMW da Apple suka fara sayar da irin wannan haɗi a hukumance, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Mu namu tarihin ya ɗan sha bamban. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, muka koma ga motocin Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas, da yawansu sun ba shekara goma baya. iPod bai yi wani tasiri a tashoshinmu ba. Abin da ya sauya mana rayuwa shi ne wayar salula da ta zo a 2001, musamman da wayoyin Chana masu cin memori suka cika kasuwanni irin su Farm Centre a Kano, masu tura waƙa suka kafa kwamfutocinsu a bakin titi. Nan take 'yar na'urar nan mai watsa waƙa a FM da ake cusawa a ramin kunna sigari ta zama abokiyar kowane direba: ga wurin filas, ga wurin memori, ga ɗan rimot. Waƙoƙin finafinan Hausa da tafsirin Malam Ja'afar Mahmud Adam na shekara guda suka shige cikin abin da bai kai farce girma ba, akwatin kaset ya koma gida.

Sai dai na'urar ta zo da nata matsalolin. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 gidajen rediyon FM ke ta ƙaruwa, samun zangon da babu kowa a kai ya zama aiki, lambar da ta yi tsit a daji sai ta fara shaushau da an shigo gari. Rediyon motar da aka yi don Amurka kuma ba ya tsayawa sai a lamba mai ƙarewa da mara, kamar 87.9 ko 88.1, mutane da yawa sun zaci na'urarsu ce ta lalace alhali lambar ce ba su daidaita ba. Ga kuma wani siririn kuka da ke tashi tare da totur idan ana caji ana saurare a lokaci guda.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ramin jona waya da na USB suka zama ruwan dare a sababbin motoci, Lexus SC 430 ta 2010 ta zama ta ƙarshe da aka sayar a Amurka da rikodar kaset daga masana'anta. Tsarin haɗa wayar salula da allon mota ya zo, CarPlay a 2014, Android Auto a 2015, a 2016 Apple ya cire ramin abin kunne daga iPhone 7, wayar da muka saba jonawa ta rasa mazauni, a 2022 kuma aka daina ƙera iPod. Kaset ɗin Schotz bai mutu ba duk da haka: yanzu ana yin sa da Bluetooth da ɗan batir a ciki, wutsiyar ce kawai ta tafi.

Ga mai tsohuwar mota a yau, jonawa kai tsaye ta bayan rediyo ita ta fi ba da sauti mai kyau, kaset ya biyo baya idan rikodar na da lafiya, mai watsawa a FM ya zo na ƙarshe duk da ya fi sauƙi. Idan za a ɗaura maka allon Android, ka sa mai wayarin ya nemo soket ɗin da ya dace da motarka, kada ka yarda a datse wayoyin asali a naɗe da salatif. Kuma ka zaɓi abin da za ka saurara tun mota na tsaye, kafin ka sa giya.