Takardun «canji» na Faransa: kuɗin da yaƙi ya haifa

A watan Agusta na 1914, da aka buga gangar yaƙi tsakanin Faransa da Jamus, ƙananan kuɗi suka ɓace daga kasuwannin Faransa. Tamma ta lokacin ta azurfa ce, kowa kuwa ya san azurfa ba ta mutuwa ko da gwamnati ta faɗi. Saboda haka mutane suka ɓoye ta cikin gidajensu. Sai ga mai burodi da mai saye suna kallon juna, babu canji.

Majalisun ƴan kasuwa na birane su ne suka fid da jaki daga duma. Da yardar hukuma suka buga ƙananan takardu na rabin tamma, da tamma guda, da tamma biyu, bayan sun ajiye daidai adadinsu a matsayin jingina. Kowane birni da tambarinsa. Amma takardar Liyon ba lalle ba ne a karɓe ta a Bordo: darajarta tana ƙarewa inda amincin masu sa hannu ya ƙare. A arewa kuwa, inda sojojin Jamus suka mamaye, ma'aikatun magajin gari kamar na Lil su suka buga nasu, don biyan albashi da tallafa wa iyalai.

Matsalar ta ƙetaro teku. Dokar 11 ga Fabrairu 1917 ta ba ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka damar fid da irin waɗannan takardu, aka ga na Sanagal, da Gine, da Dahome, da Kodibuwa. Mutanen da suka saba da wuri da ƙarfe, aka ce su yarda da guntuwar takarda wadda gumi ke jiƙawa, gara ke ci!

Daga 1920 aka soma musanya su da kwabbai na tagulla, a 1926 aka daina karɓarsu a Faransa.

Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi neman wadda ba ta taɓa lanƙwasa ba, suna duba lamba da kwanan wata da sa hannu, suna gwada su da kundin Jean Pirot. A nan malamin tarihi ya rabu da su. Sabuwa fil ba ta taɓa sayen komai ba. Wadda ta yi baƙi, aka liƙe ta a tsakiya, ita ce ta ratsa hannun matan da mazansu ke bakin daga, ita ce kuma ta cancanci a nuna wa ɗalibai.