Yaƙi Ɗan Zamba Ne, Ko da a Kan Tebur

Ranar da abokinmu ya shigo da kwali a hammata ya shimfiɗa taswirar Turai a kan tebur, suna ne ya fara haɗa mu gardama. Wani ya ce darar Turawa ce, wani ya ce ludon manya. Mai kwalin ya girgiza kai: babu abin kaɗawa a jefa, babu layin 'ya'ya uku da za a jera a ci. Mutum bakwai ake so, kowa da daularsa: Ingila, Faransa, Jamus, Italiya, Ostiriya, Rasha da Turkiyya. Mun zauna bayan la'asar, ba mu tashi ba sai da dare ya raba.

Sunan da ke jikin kwalin shi ne Diplomacy, wato diflomasiyya. Allan Calhamer, Ba'amurke, ya buga kwafi 500 da kuɗinsa a 1959. Abin mamaki, a taswirar babu jakada ko ɗaya, sai rundunonin ƙasa da jiragen ruwan yaƙi, ana farawa daga bazarar 1901 ana rububin cibiyoyi 34, wanda ya kama 18 ya yi nasara. To ina diflomasiyyar? Tana bayan ƙofa. Ƙarfin kowace runduna ɗaya ne, ba ka korar kowa sai wata runduna, taka ko ta wani, ta mara maka baya. Don haka ake tashi biyu-biyu a yi ƙus-ƙus, kowa ya rubuta umarninsa a ɓoye, a karanta gaba ɗaya.

Tsohon sunan wannan dangin wasanni bai yi kara ba. Jamusawa sun ce Kriegsspiel, wasan yaƙi kai tsaye. Wani hafsan Furusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar da nasa a 1824, da taswira ta gaske da alƙali, aka mai da shi darasin hafsoshi. Ɓangare ɗaya shuɗi, ɗaya ja, kuma har yau haka rundunoni da yawa ke zana taswirarsu: namu shuɗi, na abokan gaba ja.

Su kansu 'yan wasan suna da laƙabi. Wanda ya tsufa a harkar ana ce masa grognard, kalmar Faransanci mai nufin mai gunaguni. Asalinta laƙabin tsofaffin dakarun Napoleon ne, masu mita amma ba sa barin sahu. Duk wanda ya zauna awa bakwai kusa da mutumin da ke ƙorafin an saɓa doka, kuma ya ƙi tashi ko don tuwo, ya san sunan bai yi ƙarya ba.

Dabarun ma da sunayensu. Idan Italiya da Ostiriya suka haɗa kai suka nufi Turkiyya ta teku, ana ce wa wannan Lepanto, sunan gumurzun 1571 inda jiragen ƙawancen Kiristoci suka karya na Daular Usmaniyya a gaɓar Girka. Idan Rasha da Turkiyya suka dunƙule suka gangaro yamma, sai a ce Juggernaut. Kalmar daga Indiya ta fito, daga Jagannath, abin bautar da ake jan ƙatuwar karusarsa kowace shekara a garin Puri. Turawa suka ari sunan ga duk abin da ya taho ba mai tare shi.

Amma kalmar da ta fi yawo a bakin 'yan wasan gajera ce: stab, suka da wuƙa. Ni na riƙe Ostiriya a daren. Mai Italiya ya ja ni baranda ya dafa kafaɗata: "Haba ɗan'uwa, ni da kai? Sha kuruminka, ba zan taɓa Trieste ba." Trieste tawa ce, kuma bango ɗaya ya raba ta da Venice tasa. Na kwashe jirgina na tura kudu. Da aka buɗe takardu, rundunarsa na zaune a Trieste, shi kuma yana zuba mini shayi.

Nan muka yi ta neman Hausar stab. Wani ya ce cin amana, muka ce ta yi nauyi, amana ba abin wasa ba ce. Zagon ƙasa a hankali ake yi, wannan kuwa farat ɗaya ne. Yankan baya ta fi kusa. Babban cikinmu ya kurɓi shayinsa ya ce: "Ku yara, ai magabata sun gama magana. Yaƙi ɗan zamba ne."

Da na koma gida sai na lura kalmar wasa kanta ta riga mu warware zancen. Bahaushe yana da abokin wasa: Bakano da Bazazzagi, Bafillace da Babarbare, mutanen da tarihinsu bai rasa karo ba, yau kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa ana dariya. Shi ya sa da mai Italiya ya kira ni washegari yana tambayar lafiyar Trieste, na ce masa ya ajiye mini ita, ran Asabar zan zo karɓa.